Daga Jimbocho Zuwa Nakano: Kasuwar Tsofaffin Littattafan Zane a Japan

Kowace ranar Litinin kamfanin Shueisha yakan fito da mujallar Weekly Shonen Jump a Japan. Mujalla ce mai kauri, shafi ɗari huɗu da 'yan kai, cike da labarai cikin zane, irin waɗanda Japanawa ke kira manga. Takardarta ba ta da ƙwari, daga tsofaffin takardu ake sarrafa ta, kuɗinta kuma yen 300 ne ko kusa da haka. Ba don ajiya ake buga ta ba. Yaro ya karanta, magidanci ya karanta a jirgin ƙasa kan hanyar ofis, ƙarshenta a ɗaure ta da igiya tare da 'yan uwanta, a ajiye bakin titi ranar kwasar takardu. Tun 1968 take fitowa, kuma fitowarta ta sabuwar shekarar 1995 an buga kwafi miliyan 6 da dubu 530. Kusan dukkansu sun koma masana'antar takarda.

Wani aiki ne daban ya kai ni Tokiyo, amma duk lokacin da na samu sarari, kan 'yan kaɗan ɗin da suka tsira na ƙarar da shi: su wa suka adana su, su wa ke saye, su wa ke sayarwa, kuma me ke sa littafin da aka yi domin yara ya koma kadara. Abokin yawona wani ɗalibi ne ɗan Katsina da ke karatun injiniya a can. Japananci ya zauna a bakinsa, shi ma kuma ya kamu da son tara littattafan zane.

Da unguwar Jimbocho muka fara. Kana fitowa daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa za ka faɗa babban titin Yasukuni, inda shagunan tsofaffin littattafai suka jeru kafaɗa da kafaɗa. A unguwar baki ɗaya sun haura ɗari. Abin da ya fara jan hankalina shi ne yawancin na bakin titin a gefe guda suke, ƙofofinsu na kallon arewa. Dalilin rana ce. Hasken rana shi ne babban abokin gabar takarda, yana cinye launin bango, yana mai da farin shafi ruwan ƙasa. Masu shagunan sun zaɓi gefen da rana ba ta leƙowa. Ofisoshin Shueisha da Shogakukan, manyan kamfanonin buga manga, tafiyar 'yan mintoci ce daga nan. Sabon littafi a unguwar ake shirya shi, idan ya tsufa kuma nan yake dawowa neman mai riƙo.

Mun hau bene a ginin Kanda Kosho Center, muka shiga wani shago da ya ƙware kan manga na dauri. Kowane littafi yana cikin ledarsa, da 'yar takarda a jiki mai ɗauke da shekarar bugu, da farashi, da aibin da ke jikinsa. Mai shagon ya ciro mana ɗaya daga cikin akwatin gilashi, ya ɗora a kan kanta da hannu biyu. Littafi ne mai bango mai tauri, na wajejen ƙarshen shekarun 1950. An huda gindinsa an ɗinke da zare mai ƙarfi don kada shafuka su zube. A shafin farko akwai hatimin wani shago da jar tawada, a cikin bangon baya kuma ragowar takardar da ake rubuta ranar ɗauka da ranar dawowa. Kusurwoyin shafukan sun yi laushi, sun yi duhu saboda yawan yatsun da suka bi ta kansu. Littafin haya ne.

Tarihin wannan kasuwa daga talauci ya taso. Bayan yaƙin duniya na biyu ya ƙare a 1945, Japan ba ta da takarda, ba ta da kuɗi, ga yara birjik babu abin nishaɗi. Sai ƙananan maɗaba'o'i a birnin Osaka suka shiga buga littattafan zane masu araha a kan takarda mara kyau, bangonsu shar da jan launi, ana kiransu akahon. A shagunan alawa da na kayan wasan yara da kasuwannin dare ake sayar da su, ba a kantunan littattafai masu daraja ba. A cikin irinsu ne wani ɗalibin likitanci mai shekara 18, Osamu Tezuka, ya fito da Shin Takarajima a 1947, littafin da marubuta manga da dama na bayansa suka ce shi ya sa su ɗaukar alƙalami. Daga nan sai zamanin shagunan haya ya kama a shekarun 1950. Yaron da ba ya iya sayen littafi yana iya ɗaukar haya na kwana guda a kan kuɗi ƙalilan, kuma shagunan sun kai dubbai a faɗin ƙasar. Shigeru Mizuki, mai labarin Kitaro, da Takao Saito, wanda daga baya ya ƙirƙiro Golgo 13, duk a wannan fagen suka yi ƙuruciyar sana'arsu. Duk wanda ya san shagunan hayar littattafan soyayya a lungunan Kano da Zariya ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Manyan mutane na lokacin ba su ɗauki waɗannan littattafai a bakin komai ba. A 1955 ƙungiyoyin iyaye sun tashi haiƙan da yaƙi da abin da suka kira miyagun littattafai, har aka tara manga a filayen makarantu aka cinna musu wuta. Manyan ɗakunan karatu ba su damu da tara su ba. Da talabijin ta bazu, ga kuma mujallun mako-mako irin su Shonen Magazine da Shonen Sunday da suka fito a 1959, sai shagunan haya suka rinƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kayansu suka watse. Shi ya sa yau kwafin da bai taɓa shiga haya ba, babu hatimi babu ɗinki, yake da wuyar samu ƙwarai, farashinsa kuma ya ninka na ɗan uwansa da ya sha hannu. Bugun farko na Shin Takarajima kuwa, idan ya fito kasuwa da lafiyarsa, maganar miliyoyin yen ake yi.

Bayan Jimbocho sai muka nufi unguwar Nakano. Daga tashar Shinjuku zuwa can tafiyar minti biyar ce a jirgin layin Chuo mai sauri. Ka fita ta ƙofar arewa, ka bi wata doguwar kasuwa mai rufi da ake kira Sun Mall, ka wuce masu sayar da takalma da magunguna da soyayyen abinci, can ƙarshenta sai ka tarar da kanka cikin Nakano Broadway ba tare da ka lura ka shiga wani gini ba. An buɗe shi a 1966 a matsayin rukunin kantuna da gidajen masu hali a samansa. Da kasuwarsa ta ja baya, shaguna suka yi arha, sai a 1980 wani mai zanen manga, Masuzo Furukawa, wanda ya taɓa fitar da ayyukansa a mujallar Garo, ya kama wani ɗan shago da bai kai murabba'in mita bakwai ba, ya fara sayar da tsofaffin manga. Sunan shagon Mandarake. Yau kamfani ne da ya shiga kasuwar hannun jari ta Tokiyo tun shekarar 2000, yana da rassa a Osaka da Nagoya da Fukuoka da Sapporo, kuma a cikin wannan gini kaɗai yana da shaguna wajen talatin, kowanne da fanninsa.

Benayen ginin ba su da tagogi, rufinsu ƙasa-ƙasa, hanyoyin kuma sai murɗawa suke. Wannan shago na littattafan da aka buga kwanan nan ne, wancan na mujallu, na gaba na zanen asali da mai zane ya yi da hannunsa, wani na kayan wasan gwangwani na shekarun 1950. A hawa na huɗu akwai wanda ake shigarsa ta ƙarƙashin jerin jajayen ƙofofin katako irin na wuraren bautar Shinto. Ya kamata mai zuwa da iyali ya sani cewa akwai sassan da aka keɓe wa manya, an rubuta 18 a bakinsu. Manga teku ce, akwai na tarihi da na kimiyya da na ƙwallo da na girki, akwai kuma wanda tarbiyyarmu ba ta yarda da shi ba. Mai tarawa shi ke zaɓar abin da zai shigo gidansa.

Inda na fi daɗewa shi ne wurin da kamfanin ke sayen kaya daga hannun jama'a. Mutane na layi da jakunkuna da akwatunan taya. Gabanmu wani dattijo ne mai furfura, sanye da kwat mai tsabta, ya turo akwati cike da jerin littafi guda, juzu'i-juzu'i. Ya cike takarda, ya miƙa katin shaida, domin dokar cinikin kayan hannu ta ƙasar ta wajabta wa mai shago ya san wanda ya sayar masa, maganin ɓarayin littafi ke nan. Ma'aikacin ya ɗauki juzu'i na farko. Bai buɗe labarin ba sam. Shafin ƙarshe ya nufa, inda ake rubuta ranar bugu da ko bugu na nawa ne. Sai ya zare rigar littafin ya duba bangon ciki. Ya karkata gindin littafin ga fitila don ya ga ko rana ta ci launinsa. Ya shafa bakin shafukan da babban yatsa. Ya kai shi kusa da hanci, saboda warin taba da na danshi suna rage kuɗi. Daga ƙarshe ya duba wata siririyar takardar talla da ke naɗe a ƙugun littafin, wadda suke kira obi.

Abokina ya matso ya ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yaya, ka ga waccan 'yar takardar? Mafi yawan mutane ranar da suka sayi littafi suke yar da ita. Idan littafin tsoho ne kuma bugun farko, wani lokaci ita kaɗai ta fi littafin kuɗi."

Babu tayi, babu albarka. Ma'aikacin ya gama lissafi, ya nuna wa dattijon jimla, shi kuma ya amince da sunkuyar da kai. Kafin ya tafi ya sa hannu ya daidaita jerin littattafan a kan kanta, ya mai da wani juzu'i da ya kauce mazauninsa. Wannan ya tsaya mini a rai. Mutumin ya riƙe kayan nan shekara da shekaru babu lanƙwasa babu tabo, kuma ladabin da ya yi musu shi ne zai sa wani ya same su gobe yadda ya kamata. A bangon wurin an manna jerin littattafan da kamfanin ke nema ruwa a jallo, kowanne da kuɗin da zai biya. Wannan jerin shi ne ma'aunin kasuwa, masu tarawa na bibiyarsa domin su san darajar abin da ke ɗakunansu.

Abin da na fahimta a Nakano shi ne abubuwa huɗu ke yanke farashi. Na farko ƙarancin kwafi: juzu'in farko na labarin da ba a san zai yi suna ba, kaɗan ake bugawa, haka ma juzu'in ƙarshe na labarin da masu karatu suka gudu suka bari. Na biyu lafiyar littafi. Na uku cikar jeri, domin jeri cikakke ya fi tarkacen juzu'ai daraja nesa ba kusa ba. Na huɗu kuwa begen ƙuruciya. Yaron da ya karanta Dragon Ball a Jump a 1984, ko One Piece na Eiichiro Oda a 1997, yau magidanci ne mai albashi, kuma a shirye yake ya biya don ya sake riƙe fitowar da mahaifiyarsa ta ɗaure ta kai bakin titi.

Akwai wata kasuwar a ƙasan wannan, ita ce ta Book Off, kamfanin da ya faro a 1990 a garin Sagamihara, yanzu kuma yake da ɗaruruwan rassa. Su ba ruwansu da tarihin littafi. Sabunta da tsabta suke dubawa, abin da ya daɗe bai fita ba kuma a mai da shi kantar yen 110. Da yake a Japan kamfanin bugu ne ke yanke farashin sabon littafi, kantuna ba sa ragi, juzu'in da ake sayarwa kusan yen 500 sabo, a nan ne mai ƙaramin ƙarfi ke samunsa da sauƙi. A reshen da muka shiga, mutane na tsaye a jere tsakanin kantoci suna karatu shiru. Sai abokina ya nuna mini wani matashi da kwando a hannu, yana zaro littafi, ya duba lambarsa da waya, ya jefa a kwando ko ya mayar. Sana'ar ana kiranta sedori, ta kuma girmi intanet: ka sayo inda ba a san darajar abu ba, ka kai inda aka sani. Yau a dandalan intanet irin su Mercari da Yahoo Auctions da Amazon suke zubar da kayansu. Riba ce 'yar kaɗan-kaɗan, bayan an cire la'adar dandali da kuɗin aikawa, kuma duk wanda bai san kaya ba ɗakinsa zai cika da kwantai. Masu tarawa na gaske suna da ƙorafi guda kan irin waɗannan manyan shaguna: akan goge bakin shafuka da inji don littafi ya yi fari kamar sabo, alhali a wurin masani gogaggen littafi ya riga ya nakasa.

Ban ga aibi ga mai saye don ya sayar ba. Shi ne ke tsamo littafi daga hanyar bola ya sada shi da mai nemansa, haƙƙin wahalarsa yake ci. Inda nake da ja shi ne wurin wanda bai san abin da ke cikin littafi ba, labarin miliyoyi kawai ya ji. Gaskiya ne fitowar farko ta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938 a kan santi 10, an yi gwanjon kwafinta guda a kan dala miliyan 6 a 2024. Gaskiya ne kuma a 2018 an sayar da shafi guda na zanen hannun Tezuka na Astro Boy a Faris a kan fiye da yuro dubu 260. To amma abin da ya ba su wannan daraja shi ne ba wanda ya yi tunanin adana su a lokacinsu. Amurkawa sun ɗanɗana kuɗarsu kan wannan a farkon shekarun 1990. Mutane suka rinƙa sayen sababbin fitowa goma-goma suna rufewa a leda da fatan yin arziki, kamfanoni kuma suka biye musu, har X-Men ta farko ta 1991 ta kai kwafi miliyan 8. Abin da kowa ya ajiye ba ya tsada. Kasuwar ta rushe, dubban shaguna suka rufe, kamfanin Marvel kansa ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a ƙarshen 1996. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ƙarshen yawon a Kiyoto na yi shi, tafiyar awa biyu da 'yan mintoci daga Tokiyo a jirgin Shinkansen. A tsakiyar birnin akwai gidan tarihin manga na ƙasa da ƙasa, wanda hukumar birnin da Jami'ar Kyoto Seika suka buɗe a 2006 a ginin wata tsohuwar makarantar firamare. Yana riƙe da kaya wajen dubu 300. Daga ciki, littattafai dubu 50 suna jere a kantocin da suka bi bangon ginin tsawon mita 200, kowa na iya zara ya karanta. Daɓen katako na ƙara a ƙarƙashin ƙafa, yara na zaune a matakala, manya na kwance a ciyawar tsohon filin wasa, kowa da littafinsa. Kaso mai yawa na littattafan bangon nan kyauta ce daga wani shagon haya na Tokiyo da ya rufe a 2005. Abin da aka ƙona a filin makaranta a 1955, yau a ginin makaranta ake killace shi, masu bincike na zuwa daga ƙasashe suna nazari.

Wannan adanawa ta ƙara muhimmanci yanzu da takarda ke ja da baya. Fiye da kashi biyu cikin uku na cinikin manga a Japan ya koma waya da kwamfuta, Jump kuma ta sauko zuwa wajen kwafi miliyan guda a mako. Wanda ya saya a waya ba shi da abin da zai sayar, ba shi da abin da zai bar wa ɗansa. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai an samu wanda ya ajiye ta. A Japan, kafin jami'a ko hukuma ta waiwayi waɗannan littattafai, masu sha'awa da 'yan kasuwar gwanjo ne suka riƙe su shekaru da dama, suka tantance bugu, suka rubuta jeri, suka sa musu farashin da ya hana mutane zubar da su.

Mu ma muna da namu kayan arha da ke salwanta a kan idonmu. Mujallar African Film mai labarin Lance Spearman cikin hotuna, wadda iyayenmu suka yi rububinta a ƙarshen shekarun 1960, da Ikebe Super ta Wale Adenuga, da tsofaffin fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo, da bugun farko na littattafan Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino da Bilkisu Funtuwa, duk a kan takarda mara ƙwari aka buga su, kuma gara da danshi da masu ƙosai ba sa jira. Idan kana da irinsu a ƙasan gado ko cikin tsohuwar adaka, ka fito da su ka karkaɗe, ka sa kowanne a ledarsa, ka nisanta su da rana da ƙasa. Ka rubuta sunan littafi da shekarar bugu da maɗaba'a. Idan mai shagon haya na unguwarku zai rufe, ka taya kayansa gaba ɗaya kafin a auna su a sikeli. Ka sayi abin da kake so ka karanta, ka riƙe shi da mutunci, idan kuma ranar rabuwa ta zo, ka sayar wa wanda ya san darajarsa ko ka kai ɗakin karatun da zai kula da shi.